Mordecai Brown mai yatsa uku: hannun ne ya yi aikin ko zamanin?

Akwai wani tsohon hoto da ya shahara a tarihin ƙwallon besbol ta Amurka, kuma ba fuska aka ɗauka ba, hannu ne kawai. Hannun dama, yatsan manuni an datse shi saura ɗan guntu, na tsakiya ya karkace kamar ƙugiya, ƙaramin kuma ya lanƙwashe ya sandare. Mai hannun sunansa Mordecai Brown, kuma da wannan hannun da in ka gani za ka ce ko cokali ba zai riƙe da kyau ba mutumin ya ci wasa 239 a babbar gasa, aka ci shi 130, ya ɗauki kofi sau biyu da Chicago Cubs. Masu ba da labarinsa yawanci a nan suke tsayawa, su ce ai wani hanin ga Allah baiwa ne, yatsan da ya rasa shi ya ba shi jifan da ba mai irinsa, shikenan sai a tafa. Akwai gaskiya a ciki sosai, amma ni dai gani nake an gutsure labarin, don in ka zauna ka bi alƙaluman a hankali za ka ga hannu ɗaya bai ɗauki wannan jinkar ba.

Bari dai mu fara da wasan kansa tunda ba kowa ke kallonsa ba. A besbol mutum biyu ne ke fuskantar juna, mai jifa yana tsaye a kan ɗan tudu a tsakiyar fili, mai sanda yana tsaye mita 18 da ɗan ɗoriya daga gare shi, bayan mai sandan kuma akwai mai cafka a tsugune wanda ɗan kulob ɗin mai jifa ne. Aikin mai jifa ya wurga ƙwallo ta wuce ta gaban mai sanda ba tare da ya same ta da kyau ba. In ya kai duka ya kuskure, ko ya tsaya kallo ƙwallo mai kyau ta wuce, har sau uku, to ya fita. In ya buga aka cafe a sama, ko aka riga shi kai ƙwallon tashar farko cikin tashoshi ukun da yake rugawa ya taka bayan ya buga, nan ma ya fita. Mutum uku suka fita an gama rabin zagaye sai a yi musanya, zagaye tara ake yi. Maki kuma sai mutum ya kewaye tashoshi ya dawo gida. Kaga kenan mai jifa shi ne kusan rabin wasan, kamar a ce gola ne da ake buga masa fenariti sama da ɗari a rana ɗaya, sai dai a nan shi ne ke riƙe da ƙwallon, shi ke zaɓen yadda za ta tafi. Babban ma'aunin da ake auna shi da shi ana kiransa ERA, wato maki nawa ake ci a hannunsa a duk zagaye tara, ban da waɗanda kuskuren abokan wasansa ya jawo. A yau wanda ya tsaya a 3 gwani ne, wanda ya sauko ƙasa da 2 kuwa sai a yi ta maganarsa shekara da shekaru. Ka riƙe wannan don za mu dawo kansa.

An haifi Brown ranar 19 ga Oktoba 1876 a wani ƙauye da ake kira Nyesville a jihar Indiyana. Cikakken sunansa Mordecai Peter Centennial Brown, wannan Centennial ɗin saboda a shekarar Amurka ta cika shekara ɗari da samun 'yanci ne, irin dai yadda ake sa wa yaro sunan abin da ya faru lokacin haihuwarsa. Yana yaro ya sa hannu a injin datsa abincin dabbobi a gona, injin ya cinye manunin ya lalata sauran, hannun bai gama warkewa ba kuma ya faɗi ya sake karya yatsun, shi ya sa suka haɗe a karkace. In za a bi lissafi yatsa huɗu da guntu ne a hannun, amma 'yan jarida suka liƙa masa mai yatsa uku kuma sunan ya zauna. Abokan wasansa ma ba haka suka fi kiransa ba, Miner suke cewa, wato mahaƙi, don aikin ramin kwal ya yi tun yana saurayi, kuma a kulob ɗin 'yan kwal ɗin ya fara wasa, a matsayin mai tsaron tasha ta uku ma ba mai jifa ba. Sai 1901 ya shiga ƙaramar gasa a Terre Haute, 1902 yana Omaha, bai taka babbar gasa ba sai 1903 da St. Louis Cardinals yana da shekara 26, shekarun da wasu sun riga sun yi suna sun fara gajiya.

To me hannun yake yi wa ƙwallo? Duk wanda ya taɓa ganin firikik mai lanƙwasa ya riga ya san sirrin, juyawa ce. Ƙwallo in tana tafiya tana juyawa, iska ba ta danna ɓangarorinta daidai, sai ta karkata ta bi gefen da juyawar ta tura ta, wani Bajamushe masanin kimiyya mai suna Magnus ya yi bayanin abin tun ƙarni na 19. Ƙwallon besbol kuma tana da ɗinki mai tudu wanda ke kama iska, shi ya sa ƙaramar juyawa ke yin babban aiki. Mai jifa in yana so ƙwallo ta lanƙwasa ta faɗi ƙasa, yatsan tsakiya ne ke jan ɗinkin lokacin saki, manuni kuwa kusan ɗan rakiya ne, wani lokaci ma tare hanya yake, har akwai masu koyarwa da ke cewa yaro ya ɗage shi sama in yana koyon wannan jifan. Shi Brown babu abin da zai ɗage, ƙwallon tana fita ne ta kan karkataccen yatsan nan ta goga guntun, sai ta taho tana juyawa gaba da ƙarfi, mai sanda yana ganinta daidai ƙugunsa ya kai duka, kafin sandar ta iso ta riga ta nutse. Ko ya same ta ma saman ta yake tsagewa, sai ta gangara a ƙasa ta tafi hannun masu tsaron tasha. Ty Cobb, shahararren mai sanda na kulob ɗin Detroit, wanda ba ya yabon kowa da sauƙi, an ruwaito yana sa wannan jifan cikin mafi wuyar da ya taɓa fuskanta.

Wannan gangarawa a ƙasa ita ce mabuɗin labarin gaba ɗaya. Brown ba irin masu jifan nan ba ne da ke korar mutane da kuskure uku a jere, duk rayuwarsa mutum 1,375 ya fitar ta wannan hanyar, Walter Johnson da suka yi zamani tare ya haura 3,500. Shi salonsa ya bar ka ka taɓa ƙwallon, amma taɓawar banza. Kuma mai irin wannan salon rayuwarsa tana hannun mutanen da ke bayansa. A 1903 da St. Louis, kulob ɗin da ya ƙare a can ƙarshen tebur, wasa 9 ya ci aka ci shi 13, da hannun nan dai da jifan nan. Ƙarshen shekarar aka yi musanyarsa zuwa Chicago, aka ba St. Louis wani gogaggen mai jifa Jack Taylor, a lokacin ma wasu gani suke Chicago ce aka cuta. A can ya tarar da Joe Tinker da Johnny Evers suna tsaron tsakiyar tashoshi, Frank Chance a tashar farko wanda daga baya ya zama kocinsu yana kuma wasa, Johnny Kling yana cafka, mutanen da har yau ake lissafa su cikin mafi iya tsaro da aka taɓa haɗawa a kulob ɗaya. Duk ƙwallon da ta gangaro sai ta mutu a hannunsu.

Ga shaida. A 1906 Brown ya ci 26 aka ci shi 6, ERA ɗinsa 1.04, wanda tun daga 1900 babu wanda ya kai shi ƙasa a gasar National League, ɗaya daga cikin manyan gasa biyu na Amurka wadda Cubs ke ciki, har mai jifa Bob Gibson da ya girgiza duniya a 1968 a 1.12 ya tsaya. Abin mamaki ne kam. Amma duba abokan jifansa a wannan shekarar, Jack Pfiester 1.51, Ed Reulbach 1.65, su kuma yatsunsu biyar biyar cif. Kulob ɗin ya ci wasa 116 aka ci shi 36. Wato duk wanda ya hau tudun nan sanye da rigar Cubs a lokacin sai ya zama dodo, Brown dai shi ne babban dodon.

Sai kuma zamanin. Shekarun 1900 zuwa 1919 ana ce musu zamanin matacciyar ƙwallo, kuma sunan bai yi ƙarya ba. Ƙwallo ɗaya ake ta bugawa har ta yi laushi ta yi baƙi, in ta faɗa cikin 'yan kallo ma sau da yawa karɓo ta ake yi a ci gaba, don masu kulob ba sa son kashe kuɗi. Masu jifa kuma an sakar musu mara, wani ya tofa mata yawu, wani ruwan taba da yake taunawa, wani ya kankare ta da wani abu a ɓoye, zuwa yamma ƙwallon ta zama kalar ƙasa mai sanda ko ganinta ba ya yi sosai, kuma ba fitilu a filin. An ƙara da doka a National League a 1901, ɗaya babbar gasar, American League, ta bi a 1903, cewa bugun da ya fita gefe ana lissafa shi cikin kuskure biyun farko, wannan ya sake ɗaure masu sanda. Filayen kuma manya manya. Sakamakon shi ne buga ƙwallo ta tsallake katanga, bugun da ke ba da maki kai tsaye, ya zama abin nema, a 1908 ɗaukacin kulob ɗin Chicago White Sox sau 3 kacal suka yi a kakar gaba ɗaya, abin da mutum ɗaya ke yi a wasa ɗaya yanzu in ranarsa ce. Mai jifa a lokacin bai da fargabar kuskure ɗaya zai rusa shi, sai ya riƙa lallaɓa ƙarfinsa, ya ajiye jifan gaske sai an matse shi. Shi ya sa matsakaicin ERA na gasar a 1906 yana wajen 2.6 ne. Kaga 1.04 ɗin Brown ba daidai yake da 1.04 na yau ba. Amma fa a yi adalci, ƙasa da rabin na kowa ne, kuma ƙwallon ɗaya suke jifa da shi. Wani abin dariya, shi Brown bai ma san yana da 1.04 ba a lokacin, don sai 1912 gasar ta fara lissafa ERA a hukumance, daga baya ne masu bincike suka koma tsofaffin takardu suka fitar.

Inda ni nake ganin mutumin ya nuna nasa na kansa, wanda ba za ka ce Tinker ko matacciyar ƙwallo ba, shi ne karonsa da Christy Mathewson na New York Giants. Mathewson shi ne tauraron zamanin, ɗan jami'a, kyakkyawa, jaridu na sonsa, ga kuma wannan mahaƙin kwal mai guntun hannu. Ranar 13 ga Yuni 1905 suka haɗu, Mathewson bai bari ko mutum ɗaya na Cubs ya samu bugu mai kyau ba, ya ci 1 da 0. Daga wannan ranar Brown ya doke shi sau tara a jere. Na taran shi ne wasan da ake ta labari.

Abin ya samo asali ne ranar 23 ga Satumba 1908 a filin Polo Grounds na New York. Ana 1 da 1 a zagayen ƙarshe, Giants na da mutum a tasha ta uku da wani yaro ɗan shekara 19 Fred Merkle a ta farko, Al Bridwell ya buga mai kyau, na ukun ya shigo gida, 'yan kallo suka ɓarke cikin fili ana murna. Merkle ganin an ci sai ya juya ya nufi ɗakin canza kaya bai taka tasha ta biyu ba, abin da kowa ke yi a lokacin. Evers kuwa masanin doka ne, ya nemo ƙwallo cikin hayaniyar ya taka tashar, alƙalin wasa Hank O'Day ya ce Merkle ya fita, makin bai shiga ba, wasa kunnen doki. Kamar da wasa sai kaka ta ƙare kulob biyun suna daidai, dole a sake buga wannan wasan ranar 8 ga Oktoba, wanda ya ci shi ne zakara. Brown da bakinsa ya ba da labari daga baya cewa wasiƙun barazanar kisa ya riƙa samu kafin wasan. Chance ya fara da Pfiester, tun zagayen farko abin ya rikice masa Giants suka ci ɗaya, sai aka kira Brown ya ratso ta cikin taron da ya cika har bakin fili. A zagaye na uku Cubs suka zuba wa Mathewson huɗu, Tinker ne ya buɗe da bugun da ya tsallake kan mai tsaron tsakiya. A na bakwai Giants suka cika tashoshi uku ba wanda ya fita, irin yanayin da mai jifa ke narkewa, Brown ya bar su da maki ɗaya tal. Aka tashi 4 da 2. Bayan kwana kaɗan ya ci Detroit wasa biyu a World Series, wato wasannin ƙarshe na kofi tsakanin zakarun manyan gasa biyun, ɗaya ma ko maki bai ba su ba, Cubs suka riƙe kofin da suka ɗauka a 1907. Ba su ƙara ganinsa ba sai 2016, shekara 108.

Ba kullum yake nasara ba fa. A World Series na 1906 da maƙwabtansu White Sox ya sha kashi 2 da 1 a wasan farko, ya rama 1 da 0 a na huɗu, sai Chance ya sake tura shi a na shida bayan hutun kwana ɗaya kacal, ko zagaye biyu bai gama ba aka fatattake shi, kofi ya tafi. Wannan ya kawo mu kan yadda ake amfani da mutane a lokacin. Daga 1906 zuwa 1911 duk shekara sai ya ci wasa 20 ko fiye, 26, 20, 29, 27, 25, 21. A 1909 ya yi jifan zagaye sama da 340, ya fara wasa ya gama da kansa sau 32, yau wanda ya kai zagaye 200 jinjina masa ake yi. Kuma ranakun da ya kamata ya huta ma ba ya hutawa, shi ne mai kashe gobara, duk wanda wasa ya kuɓuce masa Brown ake kira, a 1911 wasa 53 ya shiga. Aikin da yanzu mutum biyu ko uku ke rabawa kowa da albashinsa na miliyoyi.

Akwai wani abu da ya kamata a faɗa ko a taƙaice. Duk waɗannan alƙaluman an tara su ne a gasar da ta rufe ƙofa ga baƙaƙen fata, ba a buɗe ba sai 1947 da Jackie Robinson. A ƙarshen 1909 Cubs sun buga wasan sada zumunci uku da Leland Giants, kulob ɗin baƙaƙe na Chicago wanda shahararren mai jifa Rube Foster yake ciki, Cubs suka ci duka, amma na ƙarshen da Brown ya yi jifa 1 da 0 aka tashi da ƙyar. Mutanen da za su iya riƙe ka haka, a ce ba ka taɓa haɗuwa da su a gasa ba, ai lissafin wa ya fi kowa a zamanin da saura.

A 1912 ya ji ciwo a gwiwa, wasa 5 kawai ya ci, yana da shekara 35 zuwa 36. Mai kulob ɗin Charles Murphy bai tsaya wata kunya ba ya tura shi ƙaramar gasa a Louisville, mutumin da ya kawo masa kofi biyu. Kuma ɗan wasa ba shi da ta cewa, don akwai sharaɗi a kwantiraginsu da ke ɗaure mutum ga kulob ɗinsa ko da wa'adi ya ƙare, ko ka karɓi abin da aka ba ka ko ka koma gida, sharaɗin da bai faɗi ba sai tsakiyar shekarun 1970. Tinker ne da ya zama koci a Cincinnati ya jawo shi ya yi 1913 a can. Da wasu attajirai suka mai da sabuwar gasa Federal League babbar gasa a 1914 suna zawarcin 'yan wasa da kuɗi, Brown na cikin manyan sunayen da suka tsallaka, kuma wa zai ga laifinsa. Ya fara a St. Louis yana koci yana jifa, kocin bai karɓe shi ba aka sauke shi, ya ƙarasa shekarar a Brooklyn, 1915 ya dawo Chicago kulob ɗin Whales a ƙarƙashin Tinker ya ci 17 aka ci shi 8 suka zama zakaru. Gasar ta rushe bayan kaka biyu, mai Whales ɗin Charles Weeghman ya sayi Cubs ya kwaso su zuwa filin da ya gina, wanda shi ne Wrigley Field na yau, ta haka Brown ya sake sa rigar Cubs a 1916.

Ranar 4 ga Satumba 1916 aka shirya musu haɗuwar ƙarshe shi da Mathewson, wanda lokacin ya zama kocin Cincinnati, an tallata wasan ne musamman don a ga tsofaffin biyu. Ba wasan 1 da 0 aka gani ba, Brown yana dab da 40, Mathewson hannu ya riga ya tafi, yara suka yi ta dukansu ta ko'ina amma ba wanda ya yarda ya sauka har zagaye tara suka cika, Cincinnati ta ci 10 da 8. Daga ranar ba wanda ya sake jifa a babbar gasa cikinsu. Shekara huɗu bayan nan wasan da suka sani ma ya tafi, a 1920 aka hana shafa wa ƙwallo yawu sai ga wasu tsofaffi 17 da aka ɗaga wa ƙafa, jifan Carl Mays ya samu Ray Chapman a kai ya mutu aka koma sauya ƙwallo da zarar ta yi datti, Babe Ruth kuma shi kaɗai ya tsallakar da ƙwallo katanga sau 54. Brown ya ɗan ci gaba a ƙananan gasa har 1920, daga nan ya zauna a Terre Haute yana riƙe da gidan mai, mutane na tsayawa shan mai su nemi ya nuna musu hannun. Ya rasu ranar 14 ga Fabrairu 1948 yana da shekara 71, ERA ɗinsa na duk rayuwa 2.06, a 1949 aka shigar da sunansa zauren gwarzayen besbol da ke Cooperstown.